Abin da Ɓaraguzai ke Faɗa Bayan Tashin Bam



Ranar 19 ga Satumban 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa, samfurin DC-10, ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Njamena, ya nufi Paris. Bai cika awa guda da barin Njamena ba ya tarwatse a sararin samaniyar Nijar, tarkacensa ya warwatsu cikin rairayin Tenere, gabas da Agadas. Mutum 170 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Ba mai shaida, ba kyamara, ba gari a kusa. Duk da haka bayan shekara goma kotu ta ambaci sunayen masu laifi.

Mutane da dama na ɗauka cewa bam kan cinye duk wata alama. Masu binciken ƙwaƙwaf sun san ba haka ba ne: bam watsa shaida yake yi, aikinsu kuwa tattaro ta. Abu na farko da suke nema shi ne inda fashewar ta fara. A ƙasa rami ke nuna wurin. A jirgi ƙarfe ne ke ba da labari, domin wanda ke daf da bam yakan lanƙwashe zuwa waje, ya yi ƙananan ramuka inda zafin iska da burbushi suka soke shi. A Tenere wannan ne ya kai masu bincike ga ɗakin kaya na gaba. Daga nan sai gwajin sinadarai ya gano pentrite, wani abin fashewa mai ƙarfi, manne da gutsuren wata akwatin tafiya.

Sauran aikin na mai haƙuri ne. Ana raba fili gida-gida, a bi shi taku bayan taku, a tace ƙasa kamar yadda uwargida ke tankaɗe gari. Duk abin da aka tsinta, kafin a ɗaga shi sai an ɗauki hotonsa a inda yake, a sa shi a leda, a rubuta wuri da lokaci da sunan wanda ya tsinta. Cikin irin wannan tarkace aka ci karo da wani ɗan gutsuren na'urar ƙayyade lokaci. Alƙalin bincike na Faransa, Jean-Louis Bruguière, da jami'ansa suka bi sawunsa zuwa wani kamfani a Taiwan, daga can zuwa wani dillali a Jamus, har zuwa Libiya. A 1999 kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, ciki har da Abdullah Sanusi, surukin shugaban Libiya na lokacin, Gaddafi. A 2004 Libiya ta amince ta biya iyalan mamatan dala miliyan 170.

Sai dai tsintar shaida daban, kare mutuncinta daban. Wata tara kafin na Tenere, ranar 21 ga Disamban 1988, jirgin Pan Am ya fashe a saman garin Lockerbie na Scotland, mutum 270 suka mutu. Can ma wani gutsuren na'urar ƙayyade lokaci da bai kai farce ba, wanda aka zaro daga ƙyallen wata riga da ta ƙone, shi ya kai ga wani kamfanin Zurich mai suna Mebo. Amma a zaman kotu ta fito fili cewa an sauya wata kalma a takardar da ke liƙe da ledar ƙyallen. Alƙalai sun karɓi shaidar, suka ɗaure wanda ake tuhuma, Abdelbaset al-Megrahi, a 2001, amma wannan ɗan gyaran biro har gobe masu shakkar hukuncin na kafa hujja da shi. Sakacin minti guda ya jawo gardamar shekaru.

Wannan magana ta shafi gida. Idan bam ya tashi a kasuwa ko tasha, jama'a kan yi tururuwa, wasu don ceto, wasu don kallo da ɗaukar hoto. Na ceto Allah ya saka musu. Amma kowace ƙafa tana tattake burbushi, kuma masu tsintar ƙarafa kan kwashe abin da zai iya tona asirin wanda ya haɗa bam ɗin. Ga kuma haɗarin bam na biyu. A Jos, ranar 20 ga Mayun 2014, bayan na farko ya tashi a kasuwar Terminus, na biyun ya biyo baya lokacin da mutane suka taru suna ceto. Aƙalla mutum 118 suka rasu.

Roƙon da ake yi ga masu unguwanni, limamai da shugabannin kasuwa shi ne su riƙa faɗa wa jama'arsu: a fitar da masu rauni, a ja da baya, kada a taɓa komai, kada a share ko a wanke wurin sai masu bincike sun gama.