JAWABI GAME DA HAƘAR MA'ADINAI: KADA MU BAR WA 'YA'YANMU RAMUKA



Ƙasashen duniya suna rage dogaro da man fetur da kwal, suna komawa ga lantarkin hasken rana da motoci masu batir. Batiran nan kuwa ana yin su ne da wani ma'adini mai suna litiyom, wanda Allah ya albarkace mu da shi a jihohin Nasarawa da Kwara da Kogi. Shi ya sa masu saye suke ta tururuwa zuwa ƙauyukanmu.

To, amma mu waiwayi baya. An yi shekara da shekaru ana haƙar kuza a ƙasar Jos. Da aka kwashe, sai aka bar manyan ramuka cike da ruwa, suna cinye mutane da dabbobi. A shekarar 2010 kuma gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana kowa haƙa sai da lasisin Gwamnatin Tarayya. Ta kuma wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniya da mutanen gari kafin ya fara aiki, ya gyara ƙasa idan ya gama.

Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai su nemi ganin lasisin duk baƙon da ya zo. Ƙananan mahaƙa su kafa ƙungiyoyin gama kai, su yi rajista. Iyaye kuma kada su tura yara rami, makaranta ce wurinsu. Ma'adini yana ƙarewa, gona kuwa gadon jikokinmu ce.

Allah ya taimaki Nijeriya, amin.