Taskar Ilmi a Cikin Wayar Hannu



Mu da muka fito daga Zandam da kewayen Gwaram da Birnin Kudu, mun tashi muna jin labarin zane-zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Amma mu nawa ne muka san cewa tun a 1956 Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a mujallar Man kan duwatsun nan masu amo idan an buga su? Wannan maƙala tana nan a JSTOR, taskar mujallun ilmi ta intanet wadda aka kafa a Amurka a 1995. Da rajista ta kyauta mutum na iya karanta maƙaloli masu yawa daga ɗakinsa. Akwai kuma AJOL, wadda tun 1998 take tattara mujallun da masana na Afirka suke bugawa.

Abin takaici, mafi yawanmu mun dogara ga takardun da malami ya raba, mu haddace, mu zubar bayan jarrabawa.

Lokacin da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, ƙannenmu a ƙauye sun yi watanni babu darasi. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport domin yaro ya yi karatu a gida. Kuɗin data da ƙarancin wuta gaskiya ne, ba mu musanta ba. Duk da haka muna roƙon kowannenmu, idan ya je hutu, ya zaunar da ƙannensa ya nuna musu yadda ake shiga.