Zane da Ruwan Launi: Jawabi ga 'Yan Ajin Bugaje

Malaminku ya gaya mini waɗansu dattawa sun fara janye jiki daga aji. Wai hannunsu ya saba da ƙotar fartanya, in sun riƙe fensir sai ya yi ta rawa, suna jin kunyar yara. To, yau na zo da maganin wannan. Zane za mu koya da ruwan launi, domin hannu ya yi laushi.

Kada wani ya ce aikin Turawa ne. Ku tuna da allon zayyana da ake yi wa yaro ran saukar karatu. Ku dubi Alƙur'ani rubutun hannu, za ku ga baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya. Duk wannan launi ne da ruwa da ƙaro. Har launin nan na cikin akwati da ake sayarwa a kanti, ƙaro ne ke riƙe shi. Daga Sudan da Chadi da Nijeriya ake kai ƙaron Turai, sa'an nan ya komo mana cikin akwati da tsada.

Ga yadda za ku haɗa naku. Ku jiƙa ƙaro cikin ruwa kaɗan ya kwana, ku tace da ƙyalle. Baƙi, ku niƙa gawayi ya yi laushi ƙwarai. Ja, ku jiƙa karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, ku sa 'yar kanwa. Rawaya, ku daka gangamau, amma kada kanwa ta taɓa shi, sai ya juye ja. Shuɗi kuwa, bular wanki ta isa. Kowane launi a zuba shi a murfin kwalba dabam, a ɗiga masa ruwan ƙaro. In babu ƙaro, launin zai kakkaɓe bayan ya bushe. In ya yi yawa, sai ya tsattsage.

Da launi huɗun nan za ku sami waɗansu. Shuɗi da rawaya su ba ku kore. Ja da rawaya su ba ku ruwan goro. Ja da ɗan baƙi su ba ku ruwan ƙasa.

Buroshi ba sai an je kasuwar Jibiya ba. Ku tauna bakin asawaki ya yi laushi, ko ku ɗaure gashin wutsiyar akuya a bakin tsinke da zare.

Yanzu ku kasa kunne, ga dokoki huɗu.

Ta fari, ruwa shi ne sarkin aikin. Ruwa da yawa, launi ya yi haske. Ruwa kaɗan, ya yi duhu. Ku gwada a gefen takarda tukuna.

Ta biyu, a fara da mai haske, a ƙare da mai duhu. Duhu yana rufe haske, amma haske ba ya rufe duhu. Inda kuke son fari, ku bar takarda yadda take.

Ta uku, a jingine allo kaɗan, a ɗora takarda, a fara shafawa daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kamar mai bin kunya a gona. Da hunturu ku hanzarta, gama iska na shanye ruwan nan da nan.

Ta huɗu, kada a ɗora launi bisa wani sai na farko ya bushe. Mai gaggawa zai ga korensa da jansa sun gauraye sun zama taɓo. Ku ajiye ƙoƙon ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na haɗa launi.

Aikinku na makon nan shi ne rumbu. Ku zana shi da fensir sama sama. Ku shafa shuɗi mai ruwa a sararin sama, ku jira. Ku sa ruwan ƙasa a jikin rumbun, rawaya a jinka. In sun bushe, ku ƙara duhu a gefen da rana ba ta bugawa. Nan take za ku ga rumbu ya yi ciki, ya tashi daga takarda.

Ku lura, da'irar cikin rumbu ita ce ta harafin o, miƙaƙƙen layin tsani kuwa shi ne na l. Hannun da ya iya waɗannan ba zai gagara rubuta sunan mai shi ba. Ran da aka miƙo muku takarda a ofis ko a asibiti, sai ku karɓi alƙalami ku sa hannu, ba dangwale da babban yatsa ba.

Baba, gemu ba ya hana ilmi. Kowa ya zo da rumbunsa ran aji mai zuwa, ko ya karkace, mu gani. Wanda ya janye kuma, maƙwabcinsa ya biya masa su zo tare. Allah ya ba mu sa'a, amin.