ABIN DA KYAMARA TA NUNA MINI A GIDAN ZANZARO

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 



Da sakataren ƙungiya ya ji cewa a kan zanzaro zan yi magana, sai ya bushe da dariya, ya ce ko na tuna bulalar da muka sha a taron safe saboda rashin cusa riga cikin wando. To, ba wannan zanzaron ba ne. Nawa shi ne ƙwaron nan mai siririn ƙugu, mai gina ɗakin laka a kusurwar bango.

Lokacin da muke aji biyu, mukan sa rula mu fasa gidansa, mu ga korayen tsutsotsi sun zubo. Mukan ce ai zanzaro ba ya haihuwa, tsutsar wani yake sata ya mai da ita ɗansa. Da wannan zato na girma, har Allah Ya haɗa ni da sha'awar ɗaukar hoton ƙwari.

Irin wannan hoto ana ce da shi hoton kusa-kusa. Ana matso da gilashin kyamara dab da abu, har ƙwaron da bai wuce santimita 2 ba ya cika hoto, a ga gashin ƙafarsa da ɗaruruwan ƙananan idanun da suka haɗu suka zama idonsa guda. Wahalarsa uku ce. Ta farko, idan ka matsa sosai, wurin da zai fito tas bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. In ido ya fito, fiffike ya dushe. Don haka a kan ido ake saiti. Ta biyu, rawar hannu. Ko numfashinka na iya ɓata hoto, sai ka jingina gwiwar hannu da bango ka riƙe numfashi. Ta uku, haske. Fitilar kyamara takan yi ƙyalli a jikin ƙwaro, shi ya sa nake rufe ta da farar takarda. Lokacin da ya fi kuwa shi ne sanyin safiya, musamman da hunturu, kafin rana ta ɗumama jikinsu su fara zirga-zirga.

Wata rana da rani na zauna gefen wata ƙaramar hanyar ruwa a Kadawa, kusa da bangon wani ɗakin ajiya. Kwana huɗu ina komawa, kuma abin da na gani ya rushe zaton yarintata. Mace ce take yin aikin duka, ita kaɗai. Takan sha ruwa a bakin hanyar, ta sauka kan busasshiyar ƙasa ta jiƙa ta, ta dunƙula 'yar laka, ta tashi da ita. Haka za ta yi ta kai da kawo har ta gina ɗan tulu mai baki, kamar na magina tukwane. Daga nan sai ta saka ƙwai guda, ta rataye shi da siririn zare a ciki. Sannan ta shiga gona farauta. In ta kama tsutsa sai ta harbe ta, amma ba ta kashe ta. Sandarar da ita take yi, don kada ta ruɓe kafin ɗanta ya ƙyanƙyashe. Na ƙirga tsutsa bakwai da ta tura cikin ɗaki ɗaya kafin ta liƙe bakin. Ashe tsutsar abinci ce, ba ɗa ba. Uwar kuma ba za ta taɓa ganin wanda ta yi wa wahalar ba.

Akwai wani irin zanzaro, baƙi mai rawayan ƙugu, wanda gizo-gizo yake tarawa. Ita kuwa rina ba da laka take gini ba. Ɓawon itace take kankarowa, ta tauna da yawu, ya zama takarda. Tun a 1719 wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya lura da haka, ya ce lalle mutum ma zai iya yin takarda daga itace. Rina ma tsutsa take taunawa ta ciyar da 'ya'yanta.

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ba ta rabuwa da kore, rani da damina: shinkafa, alkama, masara, tumatir, albasa. Inda shuka ba ta yankewa kuwa, tsutsa ma ba ta yankewa. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki, tumatir ya gagari talaka. A wannan shekarar ce kuma tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya. Abin da muka sani kawai shi ne feshi, in bai yi ba a ƙara. Alhali maganin ba ya tambayar wane ne ɓarawo, wane ne mai gadi. Yana kashe tsutsa, ya kashe zanzaro da rina da ƙudan zuma. Tsutsar da ta tsira ta hayayyafa ba mai kama ta, jikokinta kuma su saba da maganin.

Ban ce zanzaro zai maye gurbin magani ba. Amma a 2019 masu bincike daga Ingila da Brazil sun gwada wata irin rina a kan masara, suka ga ta rage wannan tsutsa da ɓarnarta. Wato muna da ɗan ƙwadago da ba ya karɓar ko kwabo, mu kuma muna rushe masa gida da rula.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana manoma: gidan da ke bangon rumbu ko kan bishiya, nesa da yara, a ƙyale shi, kuma a duba gona kafin a yi feshi. Ga ƙannenmu ɗalibai: ba sai da kyamara mai tsada ba. Akwai ɗan gilashin da ake maƙalawa a wayar hannu, yana aiki. Ku fara da zanzaro, domin ba safai yake harbi ba. Rina kuwa tana kare gidanta. Ku matso a hankali, kada ku girgiza reshe. Wanda aka harba fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti. Ga ƙungiyarmu kuma: mu saya wa ƙungiyar matasa manoma ta makaranta irin wannan gilashi ko da guda goma ne, su ɗauki hotunan ƙwarin gonakin iyayensu, su koyi bambance mai ɓarna da mai taimako. Ni na ɗauki nauyin biyu, kuma zan riƙa zuwa koyarwa.

Cikin Alƙur'ani mai girma akwai surorin da aka ambata da sunan ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo. Bai kamata mu raina ƙaramin halitta ba tun ba mu tsaya mun dube shi ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.