Jawabi a Taron Ƙungiya Kan Shirin Damina

Shugabanni, malamai, da 'yan uwa mazauna Damagum, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Mu nan ba mu da teku, amma mun san iskar farkon damina mai yaye kwanon rufi cikin dare ɗaya. A shekarar 2005 guguwar Katrina ta doshi birnin New Orleans na Amurka. Hukuma ta ce kowa ya fita. Masu mota suka fita. Tsofaffi da talakawan da ba su da abin hawa su aka bari a baya, kuma tsofaffin nan su suka fi mutuwa. To jama'a, sanarwa ba ta goya mutum.

Ga Maiduguri nan kusa da mu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, dukiyar 'yan uwanmu 'yan kasuwa ta salwanta.

Saboda haka, tun kafin hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowace unguwa ta rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da matan da mazansu ke fatauci, a san wa zai ɗauke wa, kuma gidan wa za a kai shi. Masu a-kori-kura, don Allah ku ba sakatare lambobinku yau ɗin nan. Buhunan gero da wake a ɗora su kan katako.

Ranar Asabar bayan asuba akwai yasar kwalbati. Kowa ya zo da shebur.