Daga Madubin Likita zuwa Katin Rigakafi: Jawabi ga Jama'ar Briqueterie, Yawunde



Mu ma'aikatan lafiya, duk inda muka je, daga Kano zuwa Garwa, daga Marwa zuwa nan Yawunde, akwai maganar da ke riga mu isa: "Wannan ai maganin Bature ne." Wani da yabo yake faɗinta, wani da zargi. Yau ina so mu bi asalin wannan magani, mu ga a kan me aka kafa shi, domin wanda ya san asalin abu ba a ruɗarsa a kansa.

Ilimin likitanci gado ne da al'ummai suka yi ta miƙa wa juna. Abubakar Ar-Razi ne ya rubuta bayanin da ya bambanta agana da ƙyanda tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Littafin Al-Ƙanun na Ibnu Sina kuwa, an juya shi zuwa Latin, jami'o'in Turai suka yi ƙarnuka suna karantar da shi. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Abin da Turai ta ƙara daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa ƙarni na 19 ginshiƙai ne guda uku.

Na farko shi ne gano musabbabin cuta da ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 1880, a garin Kusantina na Aljeriya, Alphonse Laveran ya leƙa jinin mai zazzaɓi da madubin likita, ya ga ƙwayar halittar da ke haddasa shi. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. A 1897 Ronald Ross ya nuna cewa a cikin sauro ƙwayar zazzaɓin ke rayuwa. Daga nan aka fahimci dalilin gwada jini kafin a ba da magani, da dalilin wanke hannu da tafasa kayan aiki.

Na biyu shi ne rigakafi. Edward Jenner ya gwada lambar agana a Ingila a 1796, Louis Pasteur ya yi allurar cizon mahaukacin kare a Faransa a 1885. Dattawan da ke zaune a nan, da yawanku kuna da tabon lamba a dantse. Jikokinku ba su da shi, domin a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a doron ƙasa.

Na uku shi ne ƙa'ida da lissafi: nawa za a sha, sau nawa, kwana nawa, mutum nawa suka warke, nawa suka cutu. Tarihin Kamaru kansa ya isa ya koya mana nauyin wannan ginshiƙi.

A 1922 likita Eugène Jamot ya fara aiki a Ayos, a bakin kogin Nyong, lokacin da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, yake ƙarar da ƙauyuka. Dabararsa ita ce kada a jira majinyaci, a je masa. Ayarinsa, wanda mafi yawansa ma'aikatan jinya ne 'yan ƙasa, yana bin ƙauye-ƙauye, ana taɓa kaluluwar wuya, ana duba jini, ana yin allura. Cikin 'yan shekaru cutar ta ja da baya ƙwarai. Shi ya sa har yau akwai asibiti mai sunansa a wannan birni.

Sai dai ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Aikin na zamanin mulkin mallaka ne, ana tara mutane da tilas, ba a neman yardarsu. A yankin Bafia, wani likita daga cikin ayarin ya zarce ƙa'idar maganin, ɗaruruwan mutane suka makance. A 1954, a Gribi da ke gabashin ƙasar, allurar Lomidine da ta gurɓata ta kashe fiye da mutum 30. A Kano ma, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Saboda haka in kun ga mutum yana ɗari-ɗari, kada ku ce jahilci ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ku lura da abin da ya jawo waɗannan masifu: zarce ƙa'ida, rashin tsabta, da raina mutane. Wato duk inda aka yi ɓarna, ginshiƙan nan aka karya. Mu ma muna karya su a yau da hannunmu. Wanda ya sayi ƙwayoyi a bakin titi ba tare da gwajin jini ba, wanda ya yanke shan magani a kwana na biyu don ya ji sauƙi, wanda ya bari aka yi wa yara biyu kaciya ko shasshawa da aska ɗaya, duk hanya ɗaya suka bi.

Gudun ma yana da nasa farashin. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta ƙetara iyakoki zuwa ƙasashe da dama. Mu mutanen fatauci ne, motocinmu kullum suna kan hanya, cuta kuwa ba ta neman fasfo. Da aka koma ga rigakafin aka dage, sai a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Yanzu ba baƙi ne ke riƙe da madubin ba. Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana nan Yawunde tun 1959, makarantar likitoci ta CUSS ta buɗe a 1969, 'ya'yanmu ne ke fitowa daga cikinta. A ranar 22 ga Janairu 2024, a Soa, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum. Sau huɗu ake yinta, daga wata shida. Tana rage tsananin cutar ne, ba ta kore gidan sauro.

Ga roƙona. Matambayi ba ya ɓata: ku tambaye mu sunan magani, amfaninsa da illarsa, haƙƙinku ne mu amsa. In an ba ku magani, ku cika kwanakinsa. Iyaye mata, in kun koma gida yau ku ɗauko katin rigakafin kowane yaro, ku duba inda babu hatimi, ku kawo shi asibiti mafi kusa. Iyaye maza, ku ba da izini, ku ba da kuɗin mota.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuriya.