Canjin Kuɗin Intanet da Hannun Hukuma: Jawabi ga 'Yan Uwa Mazauna Birni



An nemi in yi tsokaci kan wata sana'a da 'ya'yanmu suka runguma a Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ɗan kasuwa na son biyan kuɗin kaya a China, dala ta yi wuya, sai ya miƙa wa yaro naira, yaron ya tura kuɗin intanet irin su USDT ta waya, ya cire la'adarsa. Iyaye na murna yaro ya kama abin yi, ni ma ban ƙi ba. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu ba sa tambayar kuɗin wa suke juyawa.

Wannan rashin tambaya shi ya kai tsohon shugaban Binance, Changpeng Zhao, gidan yari. A Nuwamba 2023 ya amsa laifi a gaban kotun Amurka. Ba a ce ya saci ko kwabo ba. Laifinsa shi ne bai kafa ingantaccen tsarin hana halatta kuɗin haram ba. Kamfanin ya amince da biyan dala biliyan 4.3, shi kuma aka yanke masa wata 4 a 2024. Afuwar da Shugaba Trump ya yi masa a 2025 ta zo bayan ya gama zaman.

A nan gida, a Fabrairu 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja. Ɗaya ya sulale. Ɗayan, Tigran Gambaryan, hukumar EFCC ta gurfanar da shi tare da kamfanin bisa zargin da ya shafi dala miliyan 35, aka kai shi Kuje, sai a Oktoba aka janye tuhumarsa. Ku lura, ma'aikaci ne kawai, kuma yana da gwamnatin Amurka a bayansa. Ɗanmu da ke zaune a ƙofar shagon kawunsa wa ke gare shi?

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu hada-hadar kuɗin intanet cikin sahun cibiyoyin kuɗi. Ba ta tsaya ga wanda ya sani ba, ta haɗa da wanda ya kamata a ce ya san kuɗin na laifi ne, kuma ɗaurin daga shekara 4 ne zuwa 14. Idan kuɗin fansar da aka biya masu garkuwa ya bi ta asusun yaro, "ban san shi ba" ba za ta fisshe shi ba.

Dillalan kara na ƙwarai ba sa karɓar saniya sai sun san mai ita, don gudun ta sata. Haka nake roƙo a yi. Duk mai yaro a wannan harka ya zaunar da shi cikin makon nan, ya tambaye shi littafin da yake rubuta sunan mai kuɗi, lambar katin ɗan ƙasa, adadi da rana. In babu littafin, a dakatar da cinikin har ya ga lauya.